Wasan Takobi Da Dokokin Kare Jiki: Darasi Daga Masu Farfaɗo Da Fasahar Turawan Dauri

Duk wanda ya ɗan taɓa nazarin sautin Hausa ya san cewa “wasa” kalmomi biyu ne da rubutun boko ya ɗinka wa riga iri ɗaya. Akwai wasa na raha da motsa jini, wanda ake soma furtawa da karin sauti na ƙasa, akwai kuma wasa na goga ƙarfe a dutse har ya yi kaifi, wanda ake somawa da karin sama. A baki ba mai rikita su, amma a takarda sai ma'anar jimla ta raba gardama. Na kawo wannan ne domin batun da nake so mu tattauna a wannan shafi yau yana zaune ne a tsakanin ma'anonin nan biyu. Batun kuwa shi ne na wasu dubban mutane a Turai da Amurka da wasu sassan duniya, waɗanda suka duƙufa wajen farfaɗo da dabarun faɗa da takobi irin na kakannin Turawa, da kuma dokokin da suka gindaya wa kansu game da kayan kare jiki, don kada raha ta koma makoki.

Mai karatu na iya cewa, to ina ruwan biri da gada? Dalilina biyu ne. Na farko, wannan harka ta samo tushe ne daga irin aikin da ni da ire-irena muke ci da shi, wato karanta tsofaffin rubuce-rubuce da ƙoƙarin gano abin da marubutansu suke nufi. Na biyu, ban san wani fage da ya fi wannan fito da tambayar da ke ƙarƙashin kowace dokar kariya ba: shin kaya ne ke tsare mutum, ko kuwa halinsa da halin wanda ke tsaye a gabansa?

Ilimin Da Isnadinsa Ya Yanke

A gidan adana kayan yaƙi na masarautar Ingila da ke birnin Leeds, akwai wani kundi mai warƙa 32 da aka fi sani da lambarsa, I.33. An rubuta shi da Latin a ƙasar Jamus a farkon ƙarni na 14, kuma shi ne littafin koyar da takobi mafi tsufa da ya rage a Turai. Zane-zanen da ke cikinsa na nuna wani malamin coci yana koya wa almajirinsa faɗa da takobi da 'yar ƙaramar garkuwa, a shafukan ƙarshe ma har da wata mace mai suna Walpurgis. Bayansa littattafai suka yi ta fitowa. A Jamus an yi Johannes Liechtenauer, wanda ya tsara iliminsa cikin gajerun baitoci, almajiran makarantarsa suka yi ta yi musu sharhi fiye da ƙarni guda. A Italiya Fiore dei Liberi ya rubuta nasa wajen shekarar 1409, ya sadaukar da shi ga mai mulkin Ferrara. Sai Hans Talhoffer a tsakiyar ƙarni na 15, sannan Joachim Meyer, maƙerin wuƙaƙe na birnin Strasbourg, wanda ya buga babban littafinsa a 1570.

Da bindiga ta yi ƙarfi, salon yaƙi ya sauya, sai dogon takobin nan na hannu biyu ya koma kayan ado a bango. Malaman suka mutu ba tare da magada ba. Idan muka yi amfani da harshen makarantunmu na zaure, sai mu ce matani ya rage, sharhi ya rage, amma isnadi ya yanke, babu wani mai rai da zai ce daga wane na karɓa, shi kuma daga wane. A ƙarshen ƙarni na 19 wasu Ingilishi irin su Alfred Hutton da Egerton Castle sun yi yunƙurin tono abin, amma bai yi nisa ba. Sai a ƙarshen shekarun 1990, da intanet ta sauƙaƙa yaɗa hotunan tsofaffin kundaye, ƙungiyoyi suka soma tsirowa a garuruwa daban-daban. A taƙaice suna kiran harkar HEMA, wato fasahohin faɗa na Turai na tarihi. A 2006 aka soma gasar Swordfish a ƙasar Suwidin, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren da gwanaye ke gwada juna.

A nan ne aikin mai nazarin harshe ya shigo. Masu sharhin Liechtenauer da kansu sun bayyana cewa malamin da gangan ya lulluɓe maganarsa, don kada kowane kare da doki ya san sirrin. Akwai kalmar Indes, alal misali, wadda a zahiri take nufin “a cikin wannan lokaci”, amma a wajensu tana nuni ne ga ɗan ƙiftawar idon da takobi biyu suka haɗu, mai faɗa ya ji ƙarfi ko raunin abokin karawarsa ta jikin ƙarfe, ya yanke shawara nan take. Akwai wata sara da ake kira Krumphau, wato karkatacciyar sara, wadda masu bincike suka daɗe suna jayayya a kan yadda ake yin ta. Idan ni na yi wa wata kalma a tsohon rubutun ajami gurguwar fassara, iyakar abin da zai biyo baya shi ne wani abokin aiki ya yi mini raddi a mujalla. Su kuwa waɗannan, ba yadda za su tabbatar da fassararsu sai sun ɗauki ƙarfe, sun gwada ta da sauri a kan mutumin da ke ƙoƙarin kare kansa ya kuma rama. Ke nan ɗakin gwajinsu jikin abokinsu ne. Wannan ya sa kayan kariya a wajensu suka zama kayan bincike, kamar yadda ƙamus yake a wajena.

Yadda Mutanen Da Suka Biya Farashi

Su masu littattafan fa, yaya suka yi? Amsar ita ce, sun fi dogara ga taƙaita abin da ya halatta a yi, da kuma haƙuri da rauni. Mutanen da aka zana a kundin I.33 cikin tufafinsu na yau da kullum suke, ba kwalkwali ba sulke. Fiore ya ba da labarin cewa sau biyar yana karawa da wasu malaman takobi masu hassada, da takubba masu kaifi, ba komai a jikinsa sai riga mai kauri da safar hannu ta fata. Amma kada a ɗauka alfahari kawai yake yi, domin shi da kansa ya bayyana cewa ya gwammace ya yi karo uku cikin sulke da ya yi guda ɗaya irin wancan, tun da mai sulke na iya kuskure ya rayu, marar sulke kuwa kuskure ɗaya ya ishe shi.

A biranen Jamus na ƙarni na 16 ana shirya gasa a bainar jama'a da takubban da aka dakushe. Dokokin sukan haramta suka da tsini, da dukan mutum da gindin ƙota, da taɓa ido ko al'aura, da karya hannu. Duk da haka, sau da yawa wanda ya fara fasa wa abokinsa kai har jini ya fito shi ke cin kyauta. Wato a wajensu jini shi ne makin wasa.

Ido kuwa ya sha wahala. A ranar 30 ga Yunin 1559, Sarkin Faransa Henri na Biyu ya shiga wasan karo da mashi a kan doki a birnin Faris, cikin cikakken sulke. Mashin abokin karawarsa, Gabriel de Montgomery, ya karye, tsagin itace ya kutsa ta ƙofar kwalkwalin sarki ya shiga ta ido. Manyan likitocin zamanin, Ambroise Paré da Andreas Vesalius, sun taru a kansa, amma ya cika a ranar 10 ga Yuli. A farkon ƙarni na 17 kuma wani basarake ɗan Sikotlan, Robert Crichton na Sanquhar, ya rasa ido ɗaya a wajen gwada hannu da wani malamin takobi mai suna John Turner. Abin ya yi ta cin sa a rai shekara da shekaru, har a 1612 ya yi hayar waɗanda suka harbe malamin a Landan, shi kuma aka rataye shi a wannan shekarar. Rayuka biyu ke nan suka salwanta a kan raunin da 'yar ragar ƙarfe za ta iya hanawa. Ita wannan raga ta rufe fuska, wadda zan riƙa kira kwalkwalin raga, sai wajen 1780 ta bayyana a Faransa, ana danganta ta ga malamin takobi La Boëssière.

Mutuwar Da Ta Haifi Lambobi

Wasan takobi na zamani, wanda ake yi a gasar Olamfik da siraran takubba masu lanƙwasa, yana ƙarƙashin hukumar duniya ta FIE da aka kafa a Faris a 1913. Dokokin kariyarsa na yau sun samo asali ne daga wani mummunan tsautsayi. A ranar 19 ga Yulin 1982, a gasar duniya da aka yi a birnin Rum, Vladimir Smirnov na Tarayyar Sobiyat, zakaran Olamfik na 1980, ya kara da Matthias Behr na Jamus ta Yamma. Takobin Behr ya karye, guntun da ya rage a hannunsa ya huda ragar kwalkwalin Smirnov, ya bi ta ramin ido ya taɓa ƙwaƙwalwa. Bayan kwana tara ya rasu, yana da shekara 28.

Bayan wannan ne aka tsaurara komai. Aka koma ƙera ruwan takobi da wani irin ƙarfe mai gaurayen nikel da yawa, wanda tsaga ba ta saurin ratsa shi. Aka soma saƙa tufafin wasa da zare mai tauri irin su Kevlar. Aka kuma tilasta gwada ragar kwalkwali da wani tsinke mai dannawa da ƙarfin kilo 12, duk ragar da ta buɗe ta ba shi hanya an yar da ita. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 13567 ta kasa kayan gida biyu, bisa ma'aunin ƙarfi da ake kira niyuton. Mataki na ɗaya shi ne yadin da zai jure niyuton 350 kafin tsini ya huda shi, kwatankwacin nauyin kilo 36 ke nan a kan tsinin. Mataki na biyu, wanda FIE ke nema a gasanninta, shi ne niyuton 800 ga riga da wando, kusan kilo 82, da kuma niyuton 1600 ga labulen da ke saukowa daga haɓar kwalkwali ya rufe wuya, kusan kilo 163.

Da masu farfaɗo da takobin dauri suka tashi neman kariya, waɗannan kaya da waɗannan lambobi suka tarar a kasuwa, su suka ara. Sauran kuwa suka yi ta kame-kame. A shekarun farko an yi amfani da takubban itace da na roba mai tauri, da safar hannu ta masu babur ko ta 'yan wasan hoki, kuma yatsu da dama sun karye kafin masu sana'a, musamman a ƙasar Folan, su soma ɗinka kayan da aka yi musamman domin wannan wasa.

Daga Kai Zuwa Ƙafa

Har yau babu wata hukuma guda da dokarta ta hau kan kowa a wannan fage. Kowace gasa ita ke rubuta nata sharuɗɗan. Amma wanda ya karanta da yawa daga cikinsu zai ga sun yi tarayya a kan abubuwa sanannu, musamman a gasar dogon takobi na ƙarfe.

A kai, dole ne kwalkwalin raga wanda bai lotsa ba, bai yi tsatsa ba, tare da ƙarin makari a ƙeya, domin kwalkwalin Olamfik a buɗe yake ta baya. A wuya, dole ne wani abin wuya mai tauri a ƙarƙashin riga, wanda zai tare tsinin da ya zame ta ƙasan labule ya nufi maƙogwaro. A jiki, riga mai kauri irin ta lifidi, wadda yadinta ya kai aƙalla niyuton 350, wasu gasannin kuma sukan nemi 800, kuma ba a yarda da wadda ke buɗewa a hammata idan an ɗaga hannu ba. A hannu, safa mai sulɓin roba mai tauri da ta rufe kowane yatsa da wuyan hannu. Sai makarai masu tauri a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da ƙwauri, da makarin al'aura ga maza, da na ƙirji wanda aka fi wajabta wa mata. Dokar da ta game duka ita ce, kada a ga fatar jiki ko kaɗan.

Shi ma takobin yana da nasa sharuɗɗa. Wanda aka fi amfani da shi Jamusawa na kiransa Feder, wato gashin tsuntsu, kuma an kwaikwayo shi ne daga takubban koyo na zamanin Meyer. Tsawonsa yakan kai wajen mita 1 da santimita 30, nauyinsa kuma wajen kilo ɗaya da rabi. Ba shi da kaifi, an naɗe tsininsa ko an faɗaɗa shi, kuma an sirantar da ruwansa ta yadda zai lanƙwasa idan an yi suka. Kafin a soma gasa akwai masu duba kaya, waɗanda ke danna raga, su lanƙwasa takobi, su shafa gefensa don neman ƙaya-ƙayan ƙarfen da karo ke haifarwa, domin irin wannan ƙaya tana yanka yadi, kuma daga nan ne karaya kan soma. Wanda kayansa suka gaza, ko daga wace uwa duniya ya zo, sai ya nemi aro ko ya zama ɗan kallo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin Da Lamba Ba Ta Faɗa Ba

To amma fa a nan ne gizo ke saƙa. A matsayina na mai nazarin ma'ana, abin da ya fi jan hankalina shi ne tazarar da ke tsakanin abin da lamba ta ce da abin da mai saye ya ji. Mutum ya ga an rubuta 1600 a kwalkwalinsa, sai ransa ya ba shi cewa kansa ya tsira. Alhali lambar nan magana take a kan abu guda tak, wato ƙarfin da yadin labulen wuya zai jure kafin tsini ya huda shi. Ba ta ce komai a kan duka ba. Rigar da tsini ba zai huda ba, ana iya karya haƙarƙarin da ke cikinta.

An tsara waɗannan ƙa'idoji ne domin takubban Olamfik, waɗanda biyu daga cikinsu ba su kai giram 500 ba, na ukun kuma bai kai giram 770 ba, kuma da hannu ɗaya ake riƙe su. Haɗarinsu shi ne karyewa da huda. Dogon takobi kuwa ya ninka mafi nauyinsu kusan sau biyu, da hannu biyu ake kaɗa shi, kuma da ƙarfin ƙugu da kafaɗa ake sauke shi. Haɗarinsa na yau da kullum shi ne karayar yatsu da girgizar ƙwaƙwalwa. Ita ƙwaƙwalwa tana yawo ne cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan duka ya fizgi kai ba zato, sai ta bugi bangon ƙoƙon, ko da fata ba ta yi ko ƙwarzane ba. Raga tana tsare ido da haƙori, amma ba ta hana kai fizguwa. Mutum na iya cire kwalkwali yana dariya, sai daga baya jiri da ciwon kai da mantuwa su biyo. Shi ya sa gasannin da suka san abin da suke yi ke ajiye ma'aikatan lafiya a gefen fili, su kuma fitar da duk wanda aka ga alamar haka a tare da shi, ko da ya rantse lafiyarsa lau.

Akwai kuma zafi. Mai sanye da waɗannan kaya duka tamkar wanda aka naɗe da bargo ne aka ce ya yi gudu. Ƙarin kauri na rage zafin duka, amma yana ƙara haɗarin galabaita, gajiyayyen hannu kuwa ba ya iya tsayar da takobi a inda ya kamata.

Sulke Mai Sa Ganganci

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi, domin a zuciya take. A 1975 wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Chicago, Sam Peltzman, ya kawo hujjar cewa idan aka ƙara wa mota kayan kariya, direbobi kan ƙara ganganci, har su cinye wani ɓangare na amfanin. Masana sun yi ta muhawara a kan girman wannan tasiri, amma masu wasannin karo sun san akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 2013 hukumar damben zamani ta AIBA ta cire wa manyan 'yan dambe maza hular kariya, bisa hujjar cewa hular ba ta rage bugun ƙwaƙwalwa, kuma a gasar Olamfik ta Rio a 2016 haka maza suka yi dambe kai a buɗe.

A wasan takobi abin yana fitowa ta fuska biyu. Wanda ya ga abokinsa a lulluɓe, sai ya saki hannu ya sare shi da dukkan ƙarfinsa. Wanda kuma ya san a lulluɓe yake, sai ya daina tsoron takobi, ya kutsa kai ba tare da karewa ba, muddin dai zai riga taɓawa. Sakamakon shi ne a sari juna a lokaci guda, kare jini biri jini. Da takubban masu kaifi ne, da mutuwar kasko aka yi. Alhali dukkan littattafan nan an rubuta su ne domin koya wa mutum yadda zai koma gida da ransa. Ke nan kayan da aka sa domin a sami damar gwada fassarar littafi, su ne kuma ke iya gurɓata fassarar. Ko a riƙon ƙota haka abin yake. Akwai sara ta gicciye a makarantar Liechtenauer da ke bukatar a sa babban yatsa a ƙarƙashin ruwan takobi, amma safa mai kauri kan hana yatsan motsi, sai mai koyo ya sauya riƙo, daga nan ya soma koyar da abin da safarsa ta yarda da shi a madadin abin da malamin ya rubuta.

Saboda haka ne wasu malamai ke ganin a rage kaya, a koma koyo a hankali da kwalkwali da safa kawai, wasu ƙalilan ma har sukan gwada takubba masu kaifi a sannu domin su ji yadda kaifi ke cizon kaifi. Na fahimci hujjarsu, kuma gwaji a sannu tsakanin ƙwararru biyu da suka san juna yana da gurbinsa. Amma a nawa ganin ba za a gina doka ta kowa da kowa a kan natsuwar gwanaye ba. Ana yin doka ne domin ranar da ƙafa za ta zame, ko ƙarfe ya karye, ko baƙo mai zafin kai ya shigo fili. Smirnov da Behr duk gwanaye ne na duniya, kuma ba wanda ya yi ganganci a cikinsu.

Mafitar da gasanni masu kyau suka bi ita ce su sa dokar hali ta cike giɓin da kaya suka bari. An haramta dukan ƙeya da gadon baya da al'aura da bayan gwiwa, ko da an rufe su. Alƙali na da ikon ba da katin gargaɗi, ko zare maki, ko korar wanda ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima, ko da sararsa ta sauka a halattaccen wuri. Da yawa suna hukunta saran juna a lokaci guda ta hanyar hana duka biyun maki. Wasu kuma sun tono wata tsohuwar doka ta ƙungiyoyin takobi na yankin Beljiyam, wadda ta ba wanda aka sara damar rama sara ɗaya nan take, domin a tilasta wa mai kai hari ya kare kansa har bayan ya ci. Wato inda sulke ya kore tsoro, sai doka ta dawo da shi ta hanyar maki.

Abin Da Ya Shafe Mu

Kada mu ɗauka wannan labari ya yi mana nisa ƙwarai. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ake sa mulkinsa tsakanin 1390 da 1410, shi ne ya soma kawo lifidi da kwalkwali da sulke, wato a daidai zamanin da Fiore ke rubuta littafinsa a Italiya. Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana shigo da ruwan takubba masu yawa daga garin Solingen na Jamus, maƙeranmu na yi musu ƙota da kube. Kalmomin nan duka suna nan a bakinmu, kayan kuma muna ganinsu a hawan salla. Abin da ya yi ƙaranci shi ne rubutaccen bayanin yadda barade ke sarrafa su. Idan wata rana matasanmu suka tashi tattara wannan ilimi daga bakin dattawan da suka gaje shi, kuma ina fatan za su tashi, to za su ci karo da tambayar da Turawa suka ci karo da ita, kuma bai kamata su sake biyan kuɗin da wasu suka riga suka biya da idanunsu ba.

Na san akwai mai cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma addininmu bai bar mu a nan ba. Ya tabbata cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Manzon Allah (SAW) a ranar idi, bai hana su ba. Ya kuma tabbata cewa ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu don kada ya ji wa wani ciwo, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, kuma a ranar Uhudu sulke biyu ya sa. Wanda ya fi kowa tawakkali ke nan.

Abin da na tsinta daga wannan fage shi ne, dokar kariya tana tsayuwa ne a kan duwatsun murhu uku: kaya masu inganci, da mai duba su wanda ba ya jin kunyar cewa a'a, da kuma mai sa su wanda ya san iyakar abin da za su iya tsare masa. Idan aka cire ɗaya, tukunya ta kife. Injiniyan da ke sa hannu a takardar gini, da likitan da ke shiga ɗakin tiyata, da jami'in da ke sayo wa ma'aikata hular kwano, kowa ya tambayi kansa: lambar da ke jikin kayan nan, me aka auna da ita, wa ya auna, kuma haɗarin da ke gabana shi ne wanda aka auna? Masu takobi sun koyi yin wannan tambaya ne bayan an yi jana'iza. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyashe mu, Ya sa mu dace, amin.